Jitar Akwati Da Ta Lantarki: Daga Ina Ƙarar Take Fitowa?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na fara koyon jita, irin mai akwatin nan da rami a tsakiya. Jiya abokina ya zo da tasa ta lantarki, ba ta da rami, katako ne curi guda, ga nauyin tsiya. Da ya kaɗa ta bai jona ba, sai da na kasa kunne sannan na ji wani ɗan tsin-tsin. Tawa kuwa ko daga tsakar gida ana jin ta. Tsirkiya shida gare ni, shida gare shi, tsawonsu ma kusan ɗaya. Ni a ganina ramin ne ke fitar da sauti, shi ya sa wadda ba ta da shi ta zama bebiya. Haka ne? Sannan in na tashi ƙara ta biyu, wace iri ta kamata?

Bash_Kiɗa:
Wa alaikumus salam. Ramin ne mana. Rufe shi da tafin hannu ka kaɗa, ka ji yadda muryar za ta shaƙe.

Malamin_Kimiyya:
Bash, gwajin naka mai kyau ne, hukuncin da ka yanke a kansa ne ke da gyara. In ka rufe ramin, kaurin muryar ne ke raguwa, amma jitar ba ta yin shiru. Sake gwadawa ka gani.

Asalin maganar, tsirkiya ita kaɗai kusan bebiya ce. Siririya ce, in tana karkarwa yanka iska take yi ta wuce, ba ta iya ture ta. Sauti kuwa iska ce da aka ture ta zo ta bugi dodon kunne. Ka ɗaure tsirkiya tsakanin ƙusoshi biyu a bangon siminti ka fizge ta, ba abin da za ka ji sai irin tsin-tsin ɗin abokinka. A jitar akwati, karkarwar tana bi ta jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyin suka hau kansa, ta shiga fuskar jitar. Fuskar faifan katako ne da kaurinsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, ga faɗi. Ita ce ke kai da kawowa kamar fatar ganga tana ture iska.

Ramin yana da nasa aikin. Iskar da ke cikin akwatin tana shiga tana fita ta nan, kamar yadda kake hura bakin kwalba ta yi gunji. A jita mai matsakaicin girma wannan gunjin yana wajen karkarwa 100 a sakan ɗaya, shi ke ba tsirkiyoyi masu kauri ƙarfi. Ga wani gwajin: bar ramin a buɗe, danna tafin hannunka da ƙarfi a kan fuskar, bayan jaki, wani ya kaɗa maka.

Bash_Kiɗa:
To Malam, ai ka ce ramin yana da aiki. Ban faɗi ƙasa warwas ba ke nan.

Tsohon_Kafinta:
Maganar Malam gaskiya ce, kuma an daɗe da gwada ta. Akwai wani maƙerin jita ɗan Sifaniya, Antonio de Torres, wanda siffar jitar nailan ta yau daga hannunsa ta fito. A 1862 ya haɗa wata jita, ya yi fuskarta da katako mai kyau, baya da gefe kuwa ya yi su da takarda da aka manne ta yi tauri. Ya yi ne don ya nuna cewa fuskar ce mai magana. Jitar tana nan har yau a gidan adana kayan kiɗa na Basalona.

Abin da mutane ba sa gani shi ne cikin. Zura waya mai fitila ta ramin ka ɗauki hoton bayan fuskar. Za ka ga siraran sanduna an manna. A jitar nailan yawanci sun bazu kamar mafici, a ta ƙarfe kuma manyan biyu sun gitta juna, tsarin da kamfanin Martin na Amurka ya yi suna da shi. Nan gwanintar take. Ka bar su da kauri, jita ta yi ƙarko amma ba murya. Ka fere su da yawa, ta yi murya wata shida, fuska ta kumbura. Ni kujera da ƙofa na fi yi a rayuwata, amma na buɗe jita ta kai goma don gyara, kuma duk wadda na ji muryarta a dushe, in na leƙa sai na tarar da sanduna kamar na rufin ɗaki.

Ummu_Hanan:
Sabon_Hannu, ba ka faɗa mana ba, taka ta nailan ce ko ta ƙarfe? Don su ma iri biyu ne daban, duk da kowacce akwati ce da rami.

Sabon_Hannu:
Ta ƙarfe ce Anti. Yatsuna har sun yi kanta.

Ummu_Hanan:
Sannu ƙanena, kowa ya bi ta nan. Ni da ta nailan na fara saboda haka. Wuyanta ya fi faɗi, tsirkiyoyin sun fi taushi, muryarta a lulluɓe take, da yatsu da farce ake kaɗa ta. Ta ƙarfe kuwa muryarta garau, tana da kaifi, ta fi ratsa taro. Wani abin da ya rikita ni da farko: a ta nailan ma uku na sama sai ka gan su kamar ƙarfe. Zaren nailan ne a ciki aka naɗe shi da siririyar waya don ya yi nauyi.

Dattijo_Mai_Goge:
Kafin nailan da hanjin tumaki ake yi, 'yata. A busar, a murɗe. Masu kaurin kuma siliki ne a naɗe da waya. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarshen shekarun 1940, wani Albert Augustine a Amurka ya fito da na nailan, makaɗin nan Segovia ya tsaya masa. Ta hanji in damina ta kama sai ta saki, kullum kana ɗauri.

Garba_G:
Tunda an zo nan bari in ba ku labarin wautata, ko wani ya tsira. Ina da ta nailan, sai na ga muryarta ba ta kai ta abokaina ba. Na je na sayo tsirkiyoyin ƙarfe, mai shagon bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Na ɗaura, na ji murya ta tashi, na ce yau na gama da su. Sati uku wuyan ya fara lanƙwasa, tsirkiya ta yi nisa da itace har danna ta sai da ƙarfi. Wani dare ina kwance na ji fau! Na kunna fitila, jakin ya ɓalle ya tafi da tsokar fuskar.

Tsohon_Kafinta:
Allah Sarki Garba. Tsirkiyoyin nailan shida in an ɗaure su jansu wajen kilo 40 ne. Na ƙarfe suna kaiwa 70 ko fiye. Shi ya sa jitar ƙarfe take da sandan ƙarfe a ɓoye cikin wuya, wanda ake juyawa da ɗan makulli a miƙar da shi. Yawancin na nailan ba su da shi. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Garba_G:
Baba ai jakin ne ma ya gudu.

Ɗan_Wayarin:
Mu dawo kan bebiyar abokinsa. Sabon_Hannu, duba ƙarƙashin tsirkiyoyinta, za ka ga wasu abubuwa biyu ko uku a kwance, wasu da ɗigo-ɗigon ƙarfe shida. Su ake kira fikof. Maganaɗisu ne aka naɗe shi da wayar tagulla siririya kamar gashi, zagaye dubbai, a wasu wajen 8,000. Tsirkiyar ƙarfe tana cikin ikon maganaɗisun. Da ta motsa sai ikon ya motsa, sai 'yar wuta kaɗan ta taso a cikin naɗin, tana kai da kawowa daidai da yadda tsirkiyar ke yi. Wannan wutar ce ke bin waya zuwa amfilifaya, ya ƙara mata ƙarfi, lasifika ta ture iska. Dokar da Michael Faraday ya gano ce a 1831, ita ce dai ke aiki a janareta.

Ka lura, fikof ba makirfo ba ne. Iska ba ta dame shi ba, motsin ƙarfe yake ji. Kuma jitar kanta yawanci ba wutar da ke shiga cikinta, ita ce ma ke bayarwa.

Zee_Baby:
Tambaya, kar a yi min dariya. In na sa tsirkiyar nailan a ta lantarki don yatsuna su huta fa?

Ɗan_Wayarin:
Ba abin dariya ba ne. Ba za ki ji komai ba, maganaɗisu ba ya kama nailan. Sai dai ki nemi tsirkiyoyin ƙarfe marasa kauri. Dama na lantarki sun fi na akwati laushin dannawa.

Ummu_Hanan:
To ni tawa ta nailan ce kuma tana da wurin jona waya, har da batir a gefe. Ita kuma ta yaya?

Ɗan_Wayarin:
Wannan wata dabara ce daban Hajiya. A ƙarƙashin farin ƙashin da ke kan jaki an shimfiɗa wani siririn abu da ake kira fiyezo. Shi in an matse shi yake ba da wuta. Tsirkiya tana karkarwa tana danna shi tana saki, shi ke nan. Bai damu da ko ƙarfe ce ko nailan ba. Wutar tasa ba ta da ƙarfin tafiya nesa, shi ya sa aka haɗa shi da ɗan amfilifaya mai batir a jikin jitar. Ni dai muryarsa ba ta cika yi min ba, tana da wani ƙwas-ƙwas. In ana ɗaukar sauti na fi son a kafa makirfo a gaban jitar.

Abba_Sauti:
Kuma in an kafa makirfon, ba a saita shi a bakin ramin, sai ya yi ta gunji kamar a rijiya. Wajen da wuya ya haɗu da jiki ake nufa. Wannan ma ya isa nuna cewa abin da ke fita ta ramin ba shi ne duka muryar ba. Bash kana ji?

Bash_Kiɗa:
Ina ji, kun taru a kaina.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai. Amma me ya sa ba a bar mata akwatin ba, a sa mata maganaɗisun, ta zama tana yin biyun?

Malamin_Kimiyya:
Da haka aka fara. Matsalar da ta haifi jitar lantarki ita ce a manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka, ƙahonni da ganguna suna danne mai jita. Kamfanin Rickenbacker suka fitar da ta farko a kasuwa a 1932, wata ƙarama da ake kwantarwa a cinya, wadda saboda siffarta aka yi mata laƙabi da kaskon suya. A 1936 kamfanin Gibson suka fitar da ES-150, akwati ce sosai da fikof a kai. Sai aka tarar in an ƙure ƙara, sautin lasifika yana dawowa ya girgiza akwatin, akwatin ya girgiza tsirkiya, fikof ya sake ɗauka, abu ya yi ta zagayawa har ya zama kuka mai huda kunne. Maganinsa a cire akwatin. Leo Fender ya fito da mai curin katako a 1950, wadda ta zama Telecaster, Gibson suka biyo da Les Paul a 1952, Stratocaster ta Fender ta zo a 1954.

Akwai riba ta biyu. Ƙarfin da ka zuba wa tsirkiya da yatsa ƙayyadadde ne. Jitar akwati tana kwashe shi da sauri ta mai da shi ƙara, sai sautin ya mutu da wuri. Curin katako ba ya karɓa sosai, sai tsirkiya ta daɗe tana karkarwa. Shi ya sa mai lantarki zai danna sauti ɗaya ya ja shi kamar ana goge.

Irin wadda kake nufi ma akwai ta. ES-335 ta Gibson ta 1958 gefunanta fanko ne, amma an ratsa tsakiyarta da gungumen katako don rage kukan.

Rocky_Boy:
Ni tawa da na jona take fara zzzz ko ban taɓa ta ba, musamman kusa da fitila ko talabijin. Ta lalace ne?

Ɗan_Wayarin:
Lafiyarta ƙalau. Fikof mai naɗi ɗaya yana tsintar hayaniyar wutar gida, mai juyawa sau 50 ko 60 a sakan, gwargwadon ƙasar da kake. Saboda haka Seth Lover na Gibson ya haɗa naɗi biyu da suka saɓa wa juna, hayaniyar ɗaya ta kashe ta ɗayan, sautin tsirkiya kuma ya haɗu. Hambaka ake ce masa, ya fito a jitocinsu irin Les Paul a 1957. Muryarsa ta fi kauri, ta mai naɗi ɗaya ta fi haske. In taka mai fikof uku ce, tura makunnin zaɓen fikof zuwa matsayi na biyu ko na huɗu, a yawancin na zamani za ka ji zzzz ɗin ya ɗauke. In ka taɓa tsirkiya ya ragu, wannan ba laifi ba ne; in bai ragu ba ko ma ya ƙaru, a duba wayar da ke kai wuta ƙasa.

Rocky_Boy:
Kai! Na gwada na huɗu, ya yi tsit. Shekara guda ina zagin jitar nan.

Abba_Sauti:
To tunda fikof ƙarfe kawai yake ji, ni ban yarda irin katakon jitar lantarki yana canza komai ba. Talla ce kawai. Ka sa fikof ɗaya da tsirkiya ɗaya a kan allon tebur, murya ɗaya za ka samu.

Tsohon_Kafinta:
A'a ɗana, kar ka yi saurin yanke hukunci. Tsirkiyar a jikin me take ɗaure? Wuya da jiki suna shan wani abu daga karkarwarta, kuma kowane itace da irin abin da yake sha. Abin da aka shanye, fikof ba zai same shi ba. Na riƙe mai jikin mahogani, dangin maɗaci, na riƙe mai farin itace mara nauyi, tun kafin a jona hannuna ya gaya min ba ɗaya ba ne.

Abba_Sauti:
Hannunka ya ji Baba, na yarda. Amma mai sauraro ba ya riƙe da jitar. A ɗaure maka ido, a kunna maka biyun ta amfilifaya ɗaya, za ka rantse?

Tsohon_Kafinta:
Rantsuwa dai ba zan yi ba. Amma zan ci fiye da rabi.

Malamin_Kimiyya:
A ta akwati ba musu, itacen fuska shi ne kusan komai. A ta lantarki ni ina tsakiya: tasirin yana nan, amma bai kai na fikof da wurin da aka kafa shi ba. Na kusa da jaki yana ba da murya mai kaifi, na kusa da wuya mai taushi, a jita ɗaya, tsirkiya ɗaya. Ko a ta akwati ka kaɗa kusa da jaki, sannan ka kaɗa saman rami, za ka ji wannan bambancin.

Mai_Bes:
Kun yi ta magana kun manta da mu, kamar kullum. Bes ma jita ce. Tsirkiya huɗu, masu kauri, dogon wuya. Tsawon tsirkiyarta daga jaki zuwa kai santimita 86 ne, na jitar nailan 65. Mafi kaurin tsirkiyar jita tana karkarwa sau 82 a sakan, tawa sau 41, rabi cif. Fender ya fito da ita a 1951, kafin nan yawanci sai dai a yi ta jan ƙaton nan mai tsayin mutum da ake kaɗawa a tsaye. Kuma don Allah kar wanda ya jona bes a ƙaramin amfilifayar jita ya ƙure, lasifikar za ta yage.

Zee_Baby:
Wato tsawo ne ke sa murya ta yi kauri?

Malamin_Kimiyya:
Abu uku ne: tsawo, nauyi, da ɗauri. Doguwa, mai nauyi, ko sakakkiya tana karkarwa a hankali, murya ta yi ƙasa. Maɗauran da ke kan jita ɗauri suke canzawa. Yatsanki kuma tsawo yake canzawa, don in kin danna, tsirkiya tana tsayawa a kan ƙarfen da ke gindaye a wuya. Ƙirga zuwa ƙarfe na 12 ki auna da tef, nan ne rabin tsirkiya daidai, kuma karkarwar wurin ninki biyu ce ta tsirkiyar da ba a danna ba. Kowane ƙarfe yana cin kusan kashi ɗaya cikin 18 na tsawon da ya rage, shi ya sa suke ƙara matsuwa in kina gangarowa wajen jiki.

Dattijo_Mai_Goge:
Akwai wasu biyu da ban ga an ambata ba. Mai tsirkiya 12, wadda aka jera su bibbiyu, in an kaɗa sai ka ce mutum biyu ne. Ɗaurinta kawai zai cinye maka hantsi. Sai kuma mai faranti a ciki, wadda John Dopyera ya ƙera a shekarun 1920, tun kafin lantarki ya kankama. Jakinta a kan wani mazurari na sanholo yake zaune, shi ke yin aikin fuska, murya kamar ana buga tasa. Ga Bash, waccan ba katakon fuska ba, ba kuma ramin tsakiya ba.

Ummu_Hanan:
Kan tambayarka ta biyu ƙanena, ni shawarata kar ka ƙara komai yanzu. Wata biyu ai ko gaisawa ba ku gama yi da wannan ba. Ka kai ta a duba tsayin tsirkiya daga wuya, sau da yawa shi ne ke cin yatsu.

Rocky_Boy:
Ni kuma na ce ya ɗauki ta lantarki. Da dare ka sa abin kunne ka yi ta yi, ba mai jin ka. Ta akwati ba ta da maɓallin rage murya.

Mai_Bes:
Ya ɗauki bes. Masu jita sun yi yawa, mu ake nema.

Sabon_Hannu:
Na yi gwajin Malam. Da na rufe ramin da kwali, muryar ta rage kauri amma tana nan. Da ƙanena ya danna fuskar da hannu biyu, ta dushe sosai. Sai kuma wani abu ya faru ba da niyya ba. Abokin nawa ya dawo, yana kaɗa tasa ba a jone ba, sai kan jitar ya jingina da kabad ɗin kaya. Nan take ƙara ta tashi, har muka kalli juna. Ya janye ta koma tsin-tsin, ya mayar ta dawo.

Bash_Kiɗa:
Kabad ai akwati ne, kuma na tabbata ƙofarsa a buɗe take. Ga raminku nan.

Sabon_Hannu:
A rufe take Yaya Bash. Amma bari ya zo gobe mu gwada da ƙofar ɗaki.